Ba Matuƙi Kaɗai Ke Kayar Da Jirgi Ba

Da yammacin ranar 25 ga Oktoba, 2012, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208 ya taso daga Jalingo ya nufi Yola, amma ya faɗi kafin ya kai titin sauka. Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, shi ne ke tuƙi, kuma fasinjojinsa jami'an tsaronsa ne. Ya tsira da rai, sai dai bai sake komawa kan mulki da cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a shekarar 2017. Rahoton hukumar binciken haɗurra ya nuna cewa gwamnan ba shi da takardar shaidar tuƙa irin wannan jirgin, ga shi kuma rana ta faɗi alhali da ido yake lura da hanya. Rahoton bai wanke hukumar da ke sa ido kan sufurin sama ba.

An saba rufe irin wannan magana da kalmomi biyu: kuskuren matuƙi. Wannan jarida na ganin kalmomin sun yi kaɗan. Sauka ce mafi tsauri a aikin matuƙi, domin cikin daƙiƙu kaɗan zai daidaita gudu da tsayi da iska, ƙasa kuwa tana matsowa. Idan jirgi ya zo da gudu fiye da kima, ko hazon hunturu ya rufe titi, ƙa'ida ita ce ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa, ko ya karkata zuwa wani filin. Kowane ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya san haka. Abin da ke hana shi yi, sau da yawa, yana zaune ne a kujerar baya yana duban agogo.

Matuƙin babban kamfani yana da dokar kamfani da ke tsaya masa idan ya ce ba zai sauka ba. Matuƙin jirgin mai gida ba shi da kowa sai mai gidan da ke biyansa. Taron da ya kamata a tashi ƙarfe uku ya kai magariba, hadimi ya buga waya ya ce oga na hanya, a shirya. Wa zai ce a kwana?

A nan ne maganar ta shafi masu karatunmu, domin su ke tsara tafiye-tafiyen manya kuma su ke neman jirgin shata. A watan Nuwamba na 2023, jirgin da ya ɗauko ministan lantarki, Adebayo Adelabu, daga Abuja ya yi hatsari wajen sauka a Ibadan da dare. Binciken farko na hukumar NSIB ya gano cewa izinin da masu jirgin ke da shi bai ba su damar ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Irin wannan izini ba ya ɗora wa mai jirgi sharuɗɗa masu tsauri kamar na kamfanin shata na halal, shi ya sa ake samun rangwame a wurinsu.

Muna kira ga ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya da ya fitar da umarni a rubuce: kada wata ma'aikata ta biya kuɗin shata sai ta ga takardar izinin kasuwanci daga hukumar NCAA, kuma a tsara tafiya yadda za a isa ƙananan filaye kafin faɗuwar rana. Idan matuƙi ya ce yanayi bai yi ba, a haramta wa kowane hadimi sake kiransa a kan maganar.