Hanci Kan Riga Hannu Ba Da Labari

A shekarar 1817 ne wani likita a birnin Landan, James Parkinson, ya bayyana cutar karkarwa wadda daga baya aka laƙaba mata sunansa. Ya yi bayani a kan rawar hannu da sauyin tafiya, amma bai ambaci hanci ba. Sai a 1975 masana suka tabbatar da cewa masu cutar kan rasa jin ƙanshi da wari. A yau an san wannan yakan sami kimanin tara cikin goma nasu, sau da yawa ma shekaru kafin hannu ya soma rawa.

Shehun malami Heiko Braak na Jamus ya nuna dalili a 2003, wato ɓarnar takan fara ne tun daga kullutun jijiyar da ke bisa kogon hanci, kafin ta kai ga sashen ƙwaƙwalwa mai samar da sinadarin dofamin. Da shekara ta zagayo, masu bincike a Amsterdam suka ba da sakamakon hoton ƙwaƙwalwar 'yan'uwan majinyata. Cikin mutum 40 masu raunin jin ƙanshi, 4 sun kamu da cutar a shekara biyu, kuma hoton ya riga ya nuna raguwar dofamin a tare da su.

To, sai dai a yi hattara. Ai 36 ba su kamu ba a wancan lokaci. Mura da tsufa da buguwar kai duk sukan dushe hanci, haka ma annobar korona ta 2020. Ga shi kuma har yanzu babu maganin da ke tsayar da cutar. Lebodofa sauƙi kawai yake kawowa. Wanda aka nuna wa hoton ƙwaƙwalwarsa aka ce ya saurari karkarwa, an ɗora masa kayan fargaba ne ba tare da gammo ba.

Saboda haka ya kamata a bi abin daki-daki. Likita ya fara da tambaya da gwajin sansana, mai araha. Hoto ya biyo baya ga wanda alamu suka taru a kansa, bayan an fahimtar da shi iyakar abin da hoton zai iya faɗa. Babban amfaninsa dai shi ne gano waɗanda za a gwada sababbin magunguna da yardarsu, tun jijiyoyi ba su ƙare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.