Sai Bango Ya Tsage…

A watan Mayu na 2017, muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnatin Ingila, har aka soke ganawar majinyata da likita kimanin 19,000. Abin takaici, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe wannan kafa, amma asibitoci da yawa suka yi sakaci.

Ya ɗan'uwa mai karatu, lafiyar jama'a da bayanansu amana ce a wuyan hukuma. Sayen na'urori ba ya sauke wannan nauyi matuƙar babu mai kula da su. Lalle wajibi ne kowace ma'aikata ta naɗa jami'in da zai riƙa sabunta su, wanda za a tuhuma ranar da ƙadangare ya shiga.