Civic Type R da 'yan uwanta: suna ɗaya, amma kowace kasuwa da irin tata

Akwai muhawarar da masu sha'awar ƙananan motocin gudu na Japan ba sa gajiya da ita: tsakanin wadda aka ƙera wa Japan, da ta Turai, da ta Amurka, wacce ce ta gaske? Yawanci amsar da ake bayarwa ita ce ta Japan, domin ita ce mai ƙarfin doki mafi yawa a takarda. A ganinmu tambayar ce ba a yi ta daidai ba. Kamfani ba ya rage wa mota ƙarfi ko ya ƙara mata don son kai ko raini. Yana ƙera ta ne gwargwadon fetur, da doka, da haraji, da hanyoyin ƙasar da zai kai ta. Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne: don wace kasuwa aka ƙera wannan motar, kuma yanayin can ya yi kama da inda zan tuƙa ta?

Masana'anta ɗaya, mota uku

Babu misalin da ya fi na Honda Civic ta 2001 bayyana lamarin. A garin Swindon na Ingila aka haɗa samfurin da ake kira EP3, mai ƙofa uku, wanda giyarsa ke manne a gaban direba kusa da sitiyari. Daga wannan masana'anta guda motoci uku suka fito, kuma in an jera su a rana ba kowa zai bambance su ba.

Ta Turai, Civic Type R, tana da inji mai lita 2 da ƙarfin doki 200, da giya shida. Ta Japan ma Type R ce, amma injinta a Japan aka ƙera shi, aka kai Ingila aka ɗora, sannan aka mayar da motar gida. Ƙarfinta 215 ne. An sa mata kujerun Recaro, da na'urar da ake kira LSD, wadda ke hana tayar gaba ɗaya yin juyi a banza idan an taka totur a kan kwana. Ta Turai ba ta samu wannan na'urar ba. Ita kuwa Amurka ko sunan Type R ba a ba ta ba. Civic Si aka kai mata, mai ƙarfin doki 160 da giya biyar.

Daga 160 zuwa 215 ba ƙaramar tazara ba ce, alhali gangar jikin ɗaya ce. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Da aka shiga 2007 sai rabuwar ta fito fili. Japan ta samu FD2, mai ƙofa huɗu da ƙarfin doki 225, tayoyinta na baya kowacce na motsi da kanta. Turai ta samu FN2, mai ƙofa uku da ƙarfin doki 201, tayoyin bayanta kuwa a haɗe suke da ƙarfe guda, tsari mai araha da ke ba da fili a cikin mota. Dukansu Civic Type R ake kiransu, amma ba su haɗa kama ba ko a ido. Amurkawa kuma sai da suka jira har 2017 kafin a fara sayar musu da Civic mai tambarin Type R, shekara 20 bayan fitowar ta farko, EK9, wadda a 1997 aka ƙera ta don Japan kaɗai, da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 185.

Ba Honda kaɗai ba

Subaru Impreza WRX STI ta isa Amurka da samfurin 2004 ɗauke da inji mai lita 2.5 da ƙarfin doki 300, yayin da ta Japan ta ci gaba da amfani da mai lita 2. Mitsubishi Lancer Evolution VIII ta shiga Amurka a 2003 da ƙarfin doki 271, ba tare da na'urar AYC mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya ba. A Ingila kuwa an sayar da wani nau'inta, FQ-400, wanda ya haura doki 400. A nan, mafi ƙarfi ba a Japan take ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa komai mai kyau Japan ta riƙe wa kanta.

Me ke jawo bambancin?

Na farko fetur ne. Injin da ake son ya ba da ƙarfi sosai ba tare da turbo ba, dole ya matse iska da mai matuƙa kafin filogi ya ba da wuta. Idan fetur ɗin ba mai jure matsi ba ne, sai ya kama da wuta kafin lokaci, injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe a cikinsa. Ma'aunin wannan juriya shi ne oktan. Fetur mai daraja na Japan yana kaiwa wajen 100 a ma'aunin RON, a Turai kuwa 95 da 98 aka saba gani. Shi ya sa a waccan Civic ta 2001 matsin injin Japan ya kai 11.5, na Turai 11.0, na Amurka kuma 9.8. Kowanne an auna shi da man da zai sha.

Na biyu doka ce. Ƙa'idar hayaƙi ta Turai, wato Euro 5, ita ta kawo ƙarshen sayar da FN2 a can a 2010, domin injinta bai cika sharaɗin ba. Amurka na da nata ƙa'idojin na hayaƙi da na kare fasinja a lokacin haɗari, kuma cika su na cin kuɗi. Idan kamfani ya ga motocin da zai sayar ba su da yawa, sai ya haƙura da kasuwar gaba ɗaya.

Na uku haraji ne da al'adar kasuwa. A Japan harajin mota na shekara yana hawa ne da girman inji, don haka tsayawa a lita 2 na da amfani ga aljihun mai mota. Haka kuma daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280 ba a cikin gida, kuma ana sa wa motocin na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 180 cikin awa. Saboda haka lambar 280 da ake gani a takardun STI da Evolution na wancan zamani, ba lallai ita ce iyakar abin da injin ke bayarwa ba.

Akwai kuma abin da ke rikita masu kwatance, wato ma'aunin kansa. Japan da Turai suna ƙidaya da PS, Amurka da hp, kuma PS ɗaya bai cika hp ɗaya ba, kusan 0.986 ne. Civic Type R ta 2017 an rubuta mata 320 a Turai, 306 a Amurka. Wanda ya cire wannan daga wancan zai ce tazarar 14 ce. Amma 320 a ma'aunin PS kusan 316 ne a ma'aunin hp, ke nan bambancin gaskiya wajen 10 ne. Haka abin yake da sabuwar da ta fito a 2022, mai 330 a Japan da 315 a Amurka. A motar da ta haura doki 300, wannan tazara ba abin da direba zai ji a jikinsa ba ne a kan titin gari.

Inda abin ya shafe mu

Mai karatu zai iya cewa wannan hirar masu hannu da shuni ce. Amma kusan duk motar da ke kan titunanmu, daga Kano zuwa Maraɗi, an ƙera ta ne don wata ƙasar, ta yi rayuwarta a can, sannan ta biyo ta Legas ko Kwatano ta iso mu. Darasin Type R ya hau kan kowace Civic da Accord da Corolla da ke filin dillalai.

Mu fara da mai. A yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi, kuma bai kai darajar wanda injin Japan mai matsi 11.5 yake buƙata ba. Motocin zamani na da na'urar da ke jin wannan ƙarar ta kamawar wuta kafin lokaci, sai kwamfutar motar ta jinkirta wutar filogi don kare injin. Sakamakon shi ne ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya ragu. In kuma aka haɗa da zafin bazara da tuƙin ganganci, injin na iya lalacewa. A irin wannan yanayi, Civic Si ta Amurka da ake yi wa kallon raini ta fi yayarta ta Japan dacewa da mu.

Sai sitiyari. Japan da Ingila suna tuƙi ne a hannun hagu na hanya, motocinsu kuma sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana ta bi sahu a 1974, Nijar kuwa dama haka take. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi kan motoci masu sitiyari a dama. Dalilin a bayyane yake: direban da ke zaune a gefen daji ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce tirela a hanya mai hannu biyu. Mafitar da wasu ke bi ita ce a kai wa bakanike ya juya sitiyarin zuwa hagu. Wannan aiki ya ƙunshi cire sitiyari, da birki, da wayoyin wuta, da yanka ƙarfen da ya raba inji da fasinja. A motar da aka ƙera don gudu, walda ɗaya da ba ta kama ba tana iya cin rai.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tona asalin mota. Fitilun gaban motar Japan an karkata haskensu zuwa hagu, don haka a titinmu idon mai tahowa suke haskawa. Rediyonta an tsara shi ne a kan zangon FM na can, wanda ke farawa daga 76, shi ya sa ba ya kama yawancin tashoshinmu. Motar Amurka kuma da mil take ƙidaya, don haka 100,000 da ke rubuce a agogonta ya kai kusan kilomita 161,000.

Kayan gyara ma haka. Inji uku na waccan Civic duk da K20A sunansu ya fara, amma ba komai nasu ne ke shiga na juna ba, kuma kwamfutar ɗaya ba ta yi wa ɗaya aiki yadda ya kamata. Wanda ya sayi nau'in da ba a saba kawowa ƙasar nan ba, zai iya ajiye mota wata da watanni yana jiran ƙaramin abu.

Tambari kuwa shi ne mafi sauƙin samu. Jan harafin H da rubutun Type R ana sayar da su a intanet da ɗan kuɗi kaɗan, kowa na iya mannawa. Abin da ba ya ɓoyuwa cikin sauƙi shi ne lambar shasi da lambar inji. Motar da aka ƙera don Amurka ko Turai tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma farkonta na nuna ƙasar da aka haɗa ta: J na Japan, S na Ingila, 1 na Amurka, 2 na Kanada. Wadda aka ƙera a Japan don cikin gida lambarta gajeriya ce, tana farawa da sunan samfurin, kamar EK9 ko FD2. A kula, ƙasar da aka haɗa mota daban, kasuwar da aka nufa da ita daban. Wannan ana gane shi ne daga takardar da ke manne a bakin ƙofar direba da wadda ke ƙarƙashin murfin inji.

Abin da muke gani

Babu laifi mutum ya yaba wa FD2 ko EK9. Motoci ne da aka ƙera da ƙwarewa, kuma darajarsu ta sa Amurkawa ke ƙirga shekaru, domin dokarsu ba ta yarda a shigo da motar da ba ta cika ƙa'idarsu ba sai ta shekara 25. Amma yabo daban, dacewa daban.

Muna kira ga ƙungiyoyin dillalan motoci da su mayar da shi al'ada cewa duk motar da aka sa a kasuwa a faɗi ƙasar da aka ƙera ta dominta, da lambar injinta, da kuma ko an taɓa juya mata sitiyari. Dillalin da ya ɓoye wannan ya sayar da abin da mai saye bai sani ba, kuma ciniki irin wannan ba ya albarka. Hukumomin da ke yi wa mota rajista da masu duba lafiyarta su ma su daina kallon takarda kawai, su buɗe murfin inji su duba.

Shi kuma mai saye, musamman matashin da ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya mallaki motar da yake gani a bidiyo, ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, ya karanta lambar shasi da idonsa, ya tambayi irin man da injin ke buƙata kafin ya tambayi yawan dokin da ke cikinsa. Doki 215 da ba su samu man da suke so ba, ba za su kai shi inda 160 masu ƙoshin lafiya za su kai shi ba.