A miƙa wa mai gyara linzamin kwamfuta

Na kwashe kusan wata biyu ina haɗa wa wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano manhajar da za ta taimaki yaran shagonsa su gano abin da ke hana waya caji. Duk sanda na kai masa sai ya ce, "Ai ba ta nan ake farawa ba." In koma gida in sake rubutu. Ni na iya kod, shi ya san waya, ilimin kuma a tsakaninmu yake zubewa.

Shi ya sa nake goyon bayan manhajojin da ake gini da zane, irin su Node-RED da ma'aikatan IBM suka ƙirƙira a 2013, ko App Inventor na jami'ar MIT. Ka jawo akwati, ka rubuta tambaya, ka ja layi zuwa na gaba. An gwada wata caja? In ta ƙi, a leƙa ramin caji ko ya cika da datti. In yana da tsabta, a ɗora mita a kan batir. Sai an wuce nan kafin a taɓa IC ɗin caji. Ogan da kansa zai jera wannan, ya gyara ranar da ya ga dama, ba sai ya jira ni ba.

Wasu abokan sana'ata na cewa wasan yara ne. Ni a ganina, tsoron rasa kwangila ne ke magana.

Amma akwai inda zanen ke gazawa. Akwatin "e ko a'a" yana gaskata duk amsar da aka ba shi. Tambayi kwastoma ko wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa, zai rantse bai sani ba. Mai gyara ba ya ƙaryata shi, ba ya kuma gaskata shi, buɗewa yake ya nemi tsatsa. Tun a shekarun 1970 masu MYCIN a jami'ar Stanford, tsarin gano cututtukan jini, suka fahimci haka, suka ba kowace ƙa'ida ma'aunin tabbas. A yau GeNIe, wadda aka fara a jami'ar Pittsburgh, na barin ƙwararre ya zana dalilai da alamomi, ya sa wa kowanne kason yiwuwa.

Matsalar GeNIe a wurinmu ita ce a kwamfuta ake zanen, kuma da Turanci. Ogan nan kuwa kwamfutar shagonsa ta filashin ce kawai, sauran komai a waya yake yi.