Mai keke a zaman Sallah

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. Cikin waɗanda tsadar ta mayar kan keke akwai mutanen da ba a saba ganinsu a kansa ba: ma'aikatan gwamnati, malaman makaranta, matasa masu digiri. Sun jure rana, sun jure ƙura, sun jure kutsen 'yan adaidaita sahu. Abin da ya fi ba su wuya shi ne zaman Sallah a babban gida, sa'ad da dangi suka cika falo, aka jera kwanukan waina da miyar taushe, sannan wani ya leƙa ƙofar gida ya hango keke jingine a tsakanin motoci.

Shawarar da ake ba irin wannan mutum guda ɗaya ce: ya yi murmushi, ya haɗiye, ai Sallah ce, zumunci ya fi gardama. Shawarar tana da kamannin hikima, amma kuskure ce, domin maganar da ake yi a kan mai keke ba a falo take ƙarewa ba. Baffan da ya ce masu keke ƙaya ne a titi, gobe shi zai riƙe sitiyari a titin Zariya, kuma abin da ke ransa game da mai keke shi zai yanke ko ya bar masa tazara ko ya goge shi ya wuce. Ɗan gwaggon da ya fi kowa ƙyaƙyata dariya mai yiwuwa injiniya ne a ma'aikatar ayyuka. A gidajen 'yan boko, masu zana tituna da masu sa hannu a kasafin kuɗinsu da masu tuƙi a kansu duk kwano ɗaya suke sa wa hannu ranar Sallah, kuma babu wani zama a shekara da ke tara su haka. Wanda ya yi shiru a nan ya bar musu ra'ayinsu yadda ya same shi.

Sai dai ba kowace suka ce ta cancanci amsa iri ɗaya ba. Mahaifiyar da ta ce, "Ni dai tsorona kada wata rana a kira ni daga asibiti," ba raini take yi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Ɗan da ya tsaya musu da ita a kan wannan ya faɗi tun kafin a fara. Abin da ya kamace shi ya ce shi ne, "Gaskiyarku ce, Hajiya," sannan ya gyara kalma ɗaya tak a maganar. Ana cewa keke yana da haɗari, alhali abin da ke halaka mai keke galibi ba kekensa ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin bugu da ya ninka na mutum da kekensa, masu kilo 90 a gudun kilomita 15, kusan sau 185. Lissafin ajin sakandare ne. Wanda ke riƙe da wannan ƙarfi shi ya kamata a yi wa nasiha, amma a falo wanda ƙarfin zai faɗa wa ake yi wa faɗa.

Ƙasar Holan, wadda yanzu ake kafa misali da ita, ta taɓa tsayawa a wannan mararraba. A 1971 haɗarin hanya ya kashe kimanin mutum 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye mata na can sun ji irin tsoron da Hajiya ke ji. Bambancin shi ne inda suka kai tsoron: maimakon su kulle yaransu a gida, sai suka fita zanga-zanga a ƙarƙashin wata ƙungiya da sunanta ke nufin a daina kisan yara, suka tare tituna, suka matsa wa hukuma. Takunkumin man fetur na 1973 ya zo ya ƙara musu ƙarfi, har gwamnati ta hana hawa mota a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka shiga keɓe wa keke hanyarsa da rage gudun mota a unguwanni. Yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen ƙasar a kan keke ake yinsu, kuma Mark Rutte, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, a kan keke ya bar ofis ranar da ya miƙa mulki. Ba a haifi mutanen Holan da son keke ba, gina musu hanyar aka yi bayan sun binne 'ya'yansu.

Sukar Baffa daban ce, ko da ya naɗe ta cikin rigar tausayi. "Duk karatun nan da ka yi, a ce a keke ka ƙare? Me surukanka za su ce?" Wannan magana ba ta da alaƙa da titi, maganar daraja ce, kuma darajar da ba ta daɗe ba. Mahaifin Baffa, idan ya yi malanta ko aikin gona ko duba-gari a zamanin En'e, a kan Raleigh ya yi ta, yana goge ta da tsumma kowace safiya, yara na bin sa a guje idan ya shigo gari. Akwai lokacin da sayen sabon keke labari ne a unguwa. Abin ya juya ne a shekarun 1970, da kuɗin mai suka kwararo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin Udoji a 1975, kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar. Cikin ƙasa da shekara goma mota ta zama shaidar cewa mutum ya isa, keke kuma ya koma na masinja da mai gadi da mai tallar itace. Ƙyamar da ake ɗauka al'ada ce ta gado ba ta girmi Baffa ba, kuma kuɗin da suka haife ta sun daɗe da ƙarewa. Ma'aikacin da ke zuba rabin albashinsa a tankin mota don kada a ce ya talauce, shi ne ke talauta kansa a kan idon jama'a, su kuma suna yaba masa.

Hanya mafi taushi ta amsa wannan ita ce a roƙi Baffa ya ba da labarin keken mahaifinsa. Da wuya ya ƙi, kuma da wuya ya gama labarin bai sassauta murya ba.

Akwai kuma masu cewa masu keke ba sa bin doka: suna bin hannun da ba nasu ba, suna yawo da dare babu fitila, suna faɗowa titi ba duba. Wasu suna yi, kuma musun hakan ɓata lokaci ne. Mai keken da ke son a saurare shi dole ya kasance da fitila gaba da baya da birki mai kamawa, ya kuma tsaya idan danja ta tsayar. Amma a garin da ma'aikatan KAROTA ke wuni suna fama da direbobin da ke keta jar danja da masu bi ta hannun da aka hana, ba a taɓa jin wani ya ce a kori masu mota duka daga titi ba. Idan direba ya yi laifi, sunansa wane. Idan mai keke ya yi, sunansa "masu keken nan." Mutum ɗaya ake kamawa a ɗora masa zunubin dubbai, kuma wannan rashin adalci ne da ba a bukatar digiri kafin a gane shi.

Mafi rauni a cikin hujjojin ita ce ta kuɗi, wato mai keke ba ya sabunta takardu, ba ya biyan komai, don haka baƙo ne a kan kwalta. Kuɗin takardun mota ba su ne ke gina titunan Nijeriya ba. Ana gina su da kason arziƙin mai da harajin kaya da kowa ke biya da kuma bashi, irin sukuk na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 domin ayyukan hanyoyi, bashin da za a biya daga aljihun mai mota da mai keke da mai tafiya a ƙasa baki ɗaya. Ɓarnar kuma ba ɗaya ba ce. Gwajin da injiniyoyin Amurka suka yi a jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun abin hawa ya ninka sau biyu, lahanin da yake yi wa titi yana ninkawa kusan sau 16. A wannan ma'auni keke ba ya ma shiga lissafi. Sannan a 2022 kaɗai tallafin fetur ya laƙume fiye da naira tiriliyan 4 na kuɗin jama'a, kuma mai mota biyu ya fi mai keke shan romonsa nesa ba kusa ba. In har akwai wanda ya hau titi a kan kuɗin wani, ba mai keke ba ne.

Batun zafi gaskiya ne a watan Afrilu, amma ba ya hana manomi ɗora buhu a keke zuwa kasuwar Dawanau, bai kuma hana birnin Sabiya na ƙasar Sifaniya, inda zafin bazara ke haura digiri 40, shimfiɗa hanyoyin keke fiye da kilomita 100 tsakanin 2006 da 2010 ba. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, babu hawa babu gangara. Abin da ta rasa shi ne inuwar bishiya da layin da aka keɓe, a daidai shekarun da ta samu gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro.

Duk wannan ba lasisin yin lacca ba ne. Mai keken da ya zaro waya yana karanto wa dattawa alƙaluma, ko ya shiga wa'azin sauyin yanayi ana tsaka da rabon naman layya, ya ba su dalilin da suke nema na cewa boko ya juya masa kai. Magana ɗaya ta isa zama ɗaya, a faɗe ta da "ku" da "ranku ya daɗe," a bar mai girma ya rufe zancen in yana so. Wanda ya zo da zolaya tsantsa a mayar masa da zolaya. Ba a bukatar kowa ya sallama kafin a watse. Ya isa a ce direba guda ya tuna, ranar da ya hango mai keke a gabansa, cewa ɗan ƙaninsa ma haka yake zuwa aiki.

Dariyar tana da tarihi a ƙasar nan. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe, wanda ke kira ga 'yan Nijeriya su rungumi keke, yana kan nasa a Abuja wata bas ta ture shi ya faɗa kwalbati. Abin ya zama abin barkwanci na shekaru, kuma darasin da jama'a suka ɗauka shi ne minista ya jawo wa kansa. Tambayar yadda aka yi babban birnin da aka zana daga tushe, mai faffaɗan tituna, ya kasa samar wa keke ɗaya wurin wucewa, ba ta samu masu yinta ba. Yaran da ke zaune a gefen tabarma suna ƙirga goron Sallarsu suna jin irin wannan dariya, kuma da yawansu hayar keke za su je da kuɗin kafin la'asar. Baffa kansa ya saya wa jikansa ɗan keke mai ƙafa uku, ya kuma hana a fita da shi ƙofar gida saboda motoci.