Wanda Ya Je Kano, Ya Ga Kano

In kaka ta yi, aka sayar da wake da dawa, sai mutanenmu na Ruwan Bore da Mada da Tsafe da Bunguɗu su ɗaura niyyar zuwa Kano, su kwana 2 ko 3. Muna murna da wannan. Amma abin da ya dame mu shi ne, mutum ya sauka tasha, ya shige Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya ɗaure kayansa, ya juyo gida. In ka tambaye shi me ya gani, sai ya ce ya ga atamfa da cunkoso. Shekara 20 yana zuwa Kano, ko sau ɗaya bai hau Dala ba.

To, 'yan'uwa, muna so mu faɗa muku yau, yawon buɗe ido ba na masu kuɗi da ma'aikatan ofis kaɗai ba ne. Talaka ya fi kowa cancantar ganin Kano, domin hannun irinsa ne ya gina ta. Cikin kwanakin nan ku ware yini ɗaya tak, ga yadda za ku raba shi.

Da sassafe ku hau Dala, tun rana ba ta yi zafi ba. An yi matakala, dattijo ma yana iya hawa a hankali. Daga can bisa za ku hangi Goron Dutse da Gidan Rumfa da abin da ya rage na ganuwa. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, aka ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Sunan sarakuna aka rubuta, amma ku tambayi kanku, wa ya haƙo ƙasar, wa ya kwaɓa, wa ya ɗauka a ka?

In kun sauko ku shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa. Nan fatake daga Arewacin Afirka da Gwanja suka riƙa haɗuwa shekaru ɗaruruwa, ana cinikin goro da gishiri da fata da tufafi. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda saƙar Kanawa ke kaiwa har Tumbuktu. Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce ta faro tun 1498. Ku tsaya ku ga yadda ake haɗa baba da toka a rijiya, a tsoma farin ƙyalle, ya fito shuɗi.

Da la'asar ku je Gidan Makama, kusa da fada, inda aka tara kayan tarihi. Mu mutanen Zamfara muna da rabo a labarin da ke ciki. A watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, Sarki Alu yana tafiyar Sakkwato. Rundunar Kano da ke komawa gida ta gamu da sojan Turawa a Kwatarkwashi, nan ƙasar Bunguɗu, a nan Waziri Ahmadu ya rasu. Dutsen nan da muke wucewa kullum a mota, watau ashe shafi ne na tarihin Kano.

Wani zai ce, ina ɗan kasuwa ya ga lokacin wannan? Yini ɗaya asara ce. Mu kuwa muna cewa asarar da ta fi ita ce a ƙi gani har abin ya ɓace. Dalar gyaɗa da ta yi suna a duniya, wadda su Alhassan Ɗantata suka riƙa tarawa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yau ba ta nan sai a hoto. Ganuwa ruwa yana ci, mutane suna haƙa, ana gine-gine a kanta. Rijiyoyin marina da yawa sun zama kufai, domin yadin masaƙun waje ya kashe kasuwarsu. Abin da jama'a ba su zuwa gani, hukuma ba ta jin kunyar barinsa ya rushe.

Amma fa a yi hattara. Hanyarmu ta Tsafe da 'Yankara zuwa Funtuwa ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. A tashi da safe, a shiga mota a tasha, kada a yi tafiyar dare don sauri. A cikin birni a yi ciniki da mai a-daidaita-sahu kafin a hau, a raba kuɗi aljihu biyu. Wanda ke da hali ya tafi da yaronsa ɗan makaranta, ya gani da idonsa abin da malam ke karanta masa.

In kun komo kuma, ku dubi namu. Gusau ta yi jirgin ƙasa da injin gurzar auduga da masaƙa, su ma sun bi hanyar dalar gyaɗa. Wanda ya ga abin da Kano ta riƙe da abin da ta sake, shi zai san tambayar da zai yi wa masu neman ƙuri'arsa. Gani ya kori ji. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.