Jikan Mai Zayyana Ne Ke Raina Rubutun Bango?

Jama'a, yau da ku nake, 'yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas. Akwai wata ɗabi'a tamu da ta ishe ni. Duk wanda aka gani da kwali da maka yana koyon zana haruffa irin na bango, wanda Turawa ke kira girafiti, nan take an yanke masa hukunci: ɗan iska ne, ko ya rasa abin yi. Ni ina cikin masu koyon, ina kuma tsakiyar digirina na biyu, don haka bari mu yi ta a fili.

Wai al'adar Amurka ce. E, salon fentin feshi ya yi ƙarfi ne a Filadalfiya da Niyok, har jaridar New York Times ta yi labarin wani matashi mai sa hannu da TAKI 183 a 1971. To amma ƙawata harafi fa, su suka koya mana? Wanenmu bai ga allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani ba? Marigayi Sharif Bala Gabari a Kano da hannunsa ya rubuta Alƙur'anai. Maginan Zariya da Kano sun daɗe suna zana dagi a fuskar gida. Kai, ko bayan tirelolin da ke sauke kaya a Mile 12 ka duba, rubutun hannu ne reras. Har masallaci abin ya kai: eL Seed, ɗan asalin Tunisiya, ya zana aya a hasumiyar masallacin Jara da ke Gabes a 2012, da yardar masu wurin.

Yanzu ku zo mu zaga Agege. Tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa Hausawa ke zaune a nan, muna da sarkinmu, muna da masallatanmu. Amma ɗaga kai ka karanta allunan shagunanmu. Yawanci babu Hausa ma. Inda aka sa ta kuwa, an kai aikin wajen mai bugawa da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai baƙi su koma baki, ƙasa ta koma kasa. Haruffan nan masu lanƙwasa tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko, amma har yau ba su samu wuri a bangon unguwarmu ba. Wa zai sa su? Bayarabe mai injin bugawa ba shi da laifi, ba harshensa ba ne. Mu da muka yi karatun ne muka naɗe hannu muna dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne munafuncin. Bayin hostel cike yake da zagi da lambobin waya, ba mai cewa uffan. Lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai mu ne ke lafta fosta a kan fosta har bango ya yi ƙurji. Wannan duk siyasa ce. Amma wanda ya zauna yana auna tsayin harafi da rula, shi ne ɗan iska? Haba!

Gaskiya ɗaya masu suka ke da ita: fesa fenti a bangon wani ba da izininsa ba zalunci ne, kuma a garin nan da Bahaushe ke fama da kallon baƙo, ɓarnar mutum ɗaya kanmu duka za ta faɗo. Maganin wannan neman izini ne, ba barin sana'ar ba. Ai Osa Seven a Legas ɗin nan da zanen bango ya yi suna, kiran sa ake yi a biya shi.

Mai son farawa, kar ka sayi gwangwanin feshi tukuna. Fensir da takarda sun isa. Ja layi biyu, na sama da na ƙasa, ka rubuta manyan baƙaƙe zalla har kaurinsu ya zo ɗaya. Sannan ka kewaye kowane harafi ya yi jiki. Inuwa gefe guda take faɗuwa, kar ka raba ta biyu. Tazarar da ke tsakanin haruffa ta fi kwalliya muhimmanci; in ba a iya karantawa, aikin banza ne. Ka ba ƙugiyar ƙ da ɗ fili tun a zanen farko, don in ka bari sai ƙarshe za ta maƙale kamar kuskure. Daga takarda sai kwali, daga kwali sai katako. Ranar da ka kai ga feshi, sa takunkumi, ka tuna kusa da bango da sauri ke ba da siririn layi, jinkiri kuwa fenti ya zubo.

Ga ƙalubale: kowane ɗayanmu ya san mai shayi ko tela ko mai suya a Agege da ba shi da allo. Ka koya, ka nemi yardarsa, ka rubuta masa sunan shagonsa da Hausa daidai. Wanda har yanzu yake ganin iskanci ne, bismilla, ga wurin sharhi nan, amma ya zo da hujja.